Koha ko PMB: wace manhaja ta dace da ɗakin karatunmu a arewacin Kamaru?

A watan Maris, lokacin da zafin Garwa yake kai wa mutum iya wuya, wata Hajiya da ke shugabantar makarantar 'yan mata ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a ɗakin karatun makarantar, ga manyan rajistoci uku a gabanta, ɗaya bangonsa ya ɓalle har an ɗaure shi da robar tayar keke. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, an ruɗa ni. Wani ya ce mu sa Koha, wani ya ce PMB ta fi, wani kuma ya kawo mini takardar farashin wata ƙofa da ke yin ƙara idan an fita da littafi. Ni buƙatata ba ta wuce in san littafin da aka ara yana hannun wace yarinya ba, kuma yaushe zai dawo."

Na ce, "Hajiya, kafin mu shiga maganar manhaja, ku faɗa mini wa zai zauna a kujerar nan nan da shekara biyu. Idan kuma kwamfutar ta ƙi tashi wata safiya, wa za ku kira?"

Ta ɗan yi jim, sannan ta ce malamin lissafi ne ke taɓa musu kwamfuta idan ta yi gardama, shi ma ana raɗe-raɗin za a yi masa canjin wurin aiki.

Na yi aiki da manhajojin nan biyu, kowace na ga ranarta na kuma sha wahalarta. Tambayar Hajiya kuwa ita ce tambayar masu kula da ɗakunan karatu da yawa, daga Ngaundere zuwa Marwa, har Kusuri da tsallaken gada zuwa Injamena. Shi ya sa na ga ya kamata in baje abin da na sani a faifai.

Duka biyun kyauta ake sauke su, babu kuɗin lasisi, kuma duk wanda ya iya yana da damar duba yadda aka rubuta su ya gyara. Aikinsu na yau da kullum ɗaya ne: kundin littattafai, rajistar masu karatu, aro da mayarwa, lissafin wanda ya makara, da shafin da mai karatu zai nemi littafi da kansa. Sai dai kalmar "kyauta" ta yaudari mutane da dama. Manhajar ce kyauta. Wanda zai girka ta, da wanda zai zauna ya shigar da littafi 3,000 ɗaya bayan ɗaya, da wutar da kwamfutar za ta sha, duk kuɗi ne.

Koha ta girmi PMB. An rubuta Koha a 1999 a ƙasar Niyu Zilan, inda kamfanin Katipo ya yi wa ɗakunan karatu na yankin Horowhenua ita saboda fargabar tsohuwar manhajarsu ba za ta tsallake shigowar shekarar 2000 ba. Ta fara aiki a Janairun 2000, sunanta kuma a harshen Maori yana nufin kyauta. PMB kuwa wani ma'aikacin ɗakin karatu ne, François Lemarchand, ya faro ta a 2002 a garin Agneaux da ke Faransa, daga baya kamfanin PMB Services ya ci gaba da renon ta. Wannan asali yana nan a jikin kowace har yau. Koha ta tashi ne cikin taron jama'a daga ƙasashe barkatai, yawancin muhawararsu da Ingilishi, suna fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, a Mayu da Nuwamba. PMB ta tashi da Faransanci a bakinta, kuma jagororinta da darussanta mafi yawa da Faransanci suke. Ga wanda ya yi karatunsa a Garwa ko Injamena, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. An fassara Koha zuwa Faransanci sarai, akwai ma ƙwararrunta a Faransa irin su kamfanin BibLibre, amma ranar da matsala ta yi tsauri, amsar tana yawan kasancewa cikin wasiƙun Ingilishi.

Inda na fi so mai zaɓe ya tsaya ya natsu shi ne batun shigar da littafi, domin nan ne kashin bayan aikin, nan ne kuma yawancin ayyukan da na gani suka mutu. Ɗakunan karatu na duniya suna da tsarin da suka amince da shi na rubuta bayanin littafi, kowane bayani da gidansa mai lamba. Iri biyu ne suka shafe mu. A MARC21, wanda Amurka da ƙasashen Ingilishi ke bi, sunan littafi yana gida na 245, marubuci a 100. A UNIMARC, wanda Faransa ke bi, sunan littafi yana 200, marubuci a 700. Amfanin sanin wannan shi ne, ba lallai ka rubuta komai da hannunka ba. Idan littafi yana da lambar ISBN, wato lambar shaidarsa da maɗaba'a ke bugawa a jikinsa, sai ka buga ta, manhajar ta leƙa kundin wani babban ɗakin karatu ta hanyar da ake kira Z39.50, ta jawo maka bayanin a shirye. PMB tana tafiya da UNIMARC, don haka littattafan da aka buga a Faransa suna sauka lafiya lau daga babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Koha tana ba ka zaɓi ranar girkawa, ko MARC21 ko UNIMARC, amma abin da ka zaɓa ran nan kusan shi za ka rayu da shi, sauyawa daga baya aiki ne ja. Kafin ka zaɓa, zagaya kantocinka ka ƙirga. Idan yawancin littattafan na Faransanci ne, UNIMARC. Idan kuwa makarantar ɓangaren Ingilishi ce, ko kantocin cike suke da littattafan Najeriya da gudummawar Amurka da Ingila, Koha da MARC21 za ta rage maka rabin wahala, domin za ka jawo daga ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka.

To, amma littattafanmu fa? Littattafan Hausa da ake kawowa daga Kano, da yawansu ba su da ISBN, wasu ko shekarar bugu babu. Haka littattafan addini na Larabci da ake saya a bakin masallaci, da 'yan ƙasidun Fulatanci, da rubuce-rubucen ajami da wani dattijo ya bar wa makaranta. Waɗannan babu wani kundi a Faris ko Washinton da zai ba ka bayaninsu. Sai ka zauna ka rubuta. A nan PMB ta fi sauƙin hali: takardar cikewarta a fili take, suna, marubuci, maɗaba'a, shekara, lambobin gidajen suna ɓoye a bayan fage. Malamar da ba ta taɓa karatun aikin laburare ba za ta iya kama hannu cikin yini biyu. Koha idan ka buɗe ta yadda ta zo, sai ka tarar da shafi bayan shafi na gidaje masu lamba, har mutum ya ji gabansa ya faɗi. Ana iya rage su a bar goma ko goma sha biyu da ake buƙata, tana ma da gajeriyar takarda ta shigarwar gaggawa, amma sai an sami wanda ya san yadda ake datsewar.

Akwai wani gwaji da nake roƙon kowa ya yi tun ranar farko, kafin a shigar da ko littafi 20. A rubuta suna mai ƙ, da ɗ, da ɓ, da ŋ ta Fulatanci, a rubuta wani da Larabci, a ajiye, sannan a neme su. Na taɓa ganin kundin da "ƙasa" ta koma alamar tambaya da tarkacen haruffa, saboda wanda ya girka PMB ya bar ta a tsohon tsarin haruffan Yammacin Turai bai zaɓi UTF-8 mai ɗaukar haruffan harsuna daban-daban ba. Koha tana ajiye haruffan daidai, amma injin bincikenta na asali, Zebra, sai an kunna masa wani sashe da ake kira ICU kafin ya riƙa gano kalmomin Larabci yadda ya kamata. A kuma yanke shawara tun wuri: yarinyar da ta rubuta "kasa" a wayarta, saboda allon wayar ba shi da ƙ, za ta ga littafin da aka shigar da "ƙasa"? Idan ba ta gani ba, a gyara saitin binciken, ko a ƙara sunan a gida na biyu ba tare da lanƙwasa ba. Ga 'yan'uwanmu na Chadi, inda Larabci yake harshen hukuma tare da Faransanci, ina ganin Koha ta ɗan fi ƙarfi, domin ɗakunan karatu da yawa a ƙasashen Larabawa suna aiki da ita, hanyar ta riga ta buɗe.

Sai girkawa. PMB an rubuta ta da PHP da MySQL, kayan da kusan duk yaron da ya koyi haɗa shafin intanet ya taɓa riƙewa. Ana iya ɗora ta a laftof mai Windows, ta zauna ita kaɗai ba tare da intanet ba. Tarkonta biyu ne. Kowane zubinta yana da zubin PHP da yake jituwa da shi, idan aka haɗa ba daidai ba sai ka ga farin shafi babu bayani. Na biyu kuma Windows ɗin ne kansa: kwamfutar da kowa ke soka wa filas don buga takarda, ba ta daɗewa ba ta kwashi cuta ba. Koha kuwa gidanta Linux ne, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, musamman nau'insa na Debian ko Ubuntu, kuma girka ta sai an rubuta umarni a baƙin allo. Ranar farko ta fi wuya nesa ba kusa ba. Amma idan ta zauna da gindinta, takan yi watanni ba ta nemi kowa ba, cututtukan filas ɗin ɗalibai kuma ba su cika kama ta ba. Matsalar ita ce ranar da ta nemi wani. A Garwa za ka sami mutum goma masu gyaran Windows kafin ka sami ɗaya da zai buɗe Debian bai yi gumi ba.

Shi ya sa nake cewa girman gida shi ke raba gardama. Jami'ar Ngaundere tana nan tun 1993, ta Marwa tun 2008, ta Garwa kuma an kafa ta a 2022. Irin waɗannan wurare suna da tsangayoyi a warwatse, Jami'ar Marwa ma tana da makarantar ma'adinai da man fetur can a Kaele. Gida irin wannan, mai rassa, mai dubban ɗalibai, mai sashen kwamfuta da ma'aikata na dindindin, Koha ce sa'arsa. Ta ƙware wajen bin sawun littafi daga reshe zuwa reshe, da ware dokar aro ga malami daban da ta ɗalibi, da lissafin sayayya, da fitar da kowane irin rahoto ga wanda ya iya tambayar rumbun bayanan. PMB ma tana ɗaukar rassa, amma inda na ga ta fi haske shi ne cibiyar adana takardu: ƙungiyar da ke aikin noma ko kiwon lafiya, mai tarin rahotanni da mujallu, wadda take so a shigar da kowace maƙala a cikin mujalla da kanta, a liƙa mata kalmomin bincike, a haɗa ta da kwafinta na PDF. Kundayen digiri na ɗalibai kuwa, idan sun yi yawa, gidansu daban ne. Manhajar DSpace aka yi domin wannan, bai kamata a ɗora wa Koha ko PMB kayan da ba nasu ba.

Wasu za su ce, me ya hana a sa komai a intanet, a biya wani kamfani ya riƙe manhajar a can, mu dai mu shiga da burauza? Hanya ce mai kyau ga wanda yake da abu biyu: sabis da ba ya yankewa, da kasafin da zai biya kowace shekara ba fashi. Kamfanin zai ɗauke maka sabuntawa da ajiyar kwafi, mai karatu kuma zai duba kundin daga gida a wayarsa. Amma ranar da sabis ya ɗauke, teburin aro ya tsaya. Koha tana da hanyar rubuta aro ba intanet a ɗora daga baya, sai dai wani ƙarin horo ne. Ga ƙaramin ɗakin karatu a wajenmu, na fi natsuwa da kwamfuta ɗaya a cikin ɗakin, a haɗa ta da ƙaramar na'urar wayifai, duk wanda ke harabar ya shiga kundin da wayarsa ba tare da ya ƙona data ba. Intanet ɗin sai lokacin jawo bayanan littattafai, wanda datar waya ma ta isa.

Wuta kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, idan ruwa ya ja baya a bazara wuta ma sai ta ja baya, duk da tashoshin sola na Marwa da Gidar sun kawo sauƙi. Babbar kwamfutar tebur da ke mutuwa farat ɗaya duk lokacin da aka ɗauke wuta, wata rana rumbun bayanan zai lalace a tsakiyar rubutu. Laftof ta fi, domin batirinta shi ne garkuwarta. Faifan sola ɗaya ko biyu da batir mai kyau za su riƙe laftof da wayifai da fanka yini guda. A ɗaga ta daga ƙasa, a rufe ta da ƙyalle idan an tashi, a busa mata iska bayan hunturu, domin ƙurar da ke shiga fankarta ita ke haɗuwa da zafin Afrilu, wanda ke haura digiri 40, su gama da ita.

Wannan ba labarin wani nake bayarwa ba. A wata makaranta da na yi aiki, mun shafe wata bakwai ni da wani abokin aikina muna shigar da littattafai bayan an tashi, har da ranakun Asabar. Mun wuce 2,000. Wata ranar Litinin na danna kwamfutar, ta yi wani ƙas-ƙas-ƙas kamar ana taunar tsakuwa, allon ya tsaya baƙi. Muna da kwafin ajiya, amma a cikin wannan kwamfutar muka ajiye shi. Abokina ya zauna a kan benci ya dafe kai, bai ce uffan ba har aka kira azahar. Har yau idan na tuna sai in ji abin a ƙirjina, domin ba kuɗi ne ya hana mu ba, filas ɗaya ya isa.

Saboda haka a duba yadda kowace ke ajiye kwafi. Koha da aka girka a Debian tana yin kwafi da kanta kullum, amma a cikin kwamfutar take ajiye shi, kuma an tsara aikin da sassafe, idan kwamfutar a kashe take a lokacin yana iya wucewa ba a yi ba. A PMB ana shiga sashen gudanarwa a ba da umarnin ajiyar. Ko wacce aka ɗauka, kwafin ya fita daga ɗakin duk mako, kuma sau ɗaya a zango a gwada mayar da shi a wata kwamfutar a ga ko yana tashi. Abin da ke kwantar da hankali shi ne duka biyun suna fitar da bayanan littattafai a tsarin ISO 2709, wanda sauran manhajojin laburare ke karɓa. Wanda ya fara da PMB, gidan ya girma, zai iya ƙaura zuwa Koha mai UNIMARC ba tare da ya sake buga sunayen littattafai ba, ko da yake rajistar masu karatu da tarihin aro sai an bi su a hankali. Masu tsohuwar manhajar WinISIS ta UNESCO, wadda aka daina renon ta, su ma ta wannan ƙofar za su fita, kuma gara su fita tun kwamfutar na numfashi.

Batun ƙofa mai ƙara da aka kawo wa Hajiya, wannan ita ce RFID. Ana manna wa kowane littafi wata 'yar takarda mai siririyar waya a ciki, na'ura ta karanta ta daga nesa, ko littafi biyar aka ɗora tare za ta gane su, ƙofar kuma ta yi kuka idan an fita da wanda ba a rubuta ba. A babban laburare mai cunkoso tana da rana. Amma kowane littafi sai an saya masa tasa, ƙofar tana son wuta ba yankewa, idan ta lalace kuma mai gyara sai daga Yawunde ko Duwala. Bakod kuwa, wato zanen layukan nan irin na jikin kayan kanti, Koha da PMB duk suna buga shi a firinta ta yau da kullum. A yanka, a manna, a rufe da farin salatif saboda gumin hannu. Na'urar karanta shi ana soka ta ne kawai a kwamfuta ta kama aiki. Ɗakin da ke da ƙofa ɗaya da ma'aikaciya mai ido, bakod ya ishe shi, kuɗin ƙofar a sayi littattafai da maganin gara.

Abu ɗaya da zan ƙara wa duk wanda ya riga ya sa wayifai a ɗakinsa shi ne Kiwix. Manhaja ce da ke riƙe Wikipedia gaba ɗaya a cikin kwamfuta, ta Faransanci, ta Larabci, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Sau ɗaya ake sauke ta a inda sabis yake da ƙarfi. Ba ruwanta da wace manhajar aro ka zaɓa, kuma na ga yadda take jawo yaran da da ba sa leƙowa.

Wanda littattafansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kada ya ji kunyar rajista da jadawalin Excel mai tsabta, kowane bayani a layinsa, domin ranar da ya tashi ƙaura za a iya kwashe shi. Akwai kuma SLiMS ta ƙasar Indunusiya, mai sauƙin girkawa da kyan fuska, sai dai samun wanda ya san ta a kusa da mu shi ne aikin.

Ga Hajiya dai na ce PMB. Littattafanta kusan duk na Faransanci ne, ma'aikaciyarta ɗaya, ba ta da mai Linux, kuma malamin lissafin ƙafarsa ɗaya a waje take. Na gindaya mata sharaɗi uku: mutum biyu za a koya wa, ba ɗaya ba, laftof ɗin ta ɗakin karatu ce kaɗai, ba mai soka mata filas in ban da na ajiyar kwafi, kalmar sirrin gudanarwa kuma a rubuta a sa a ambulan a ofishinta. Da a ce tsangayar jami'a ce ta kira ni, ko makarantar da rabin kantocinta Ingilishi ne ko Larabci, kuma suna da ma'aikacin kwamfuta da ke kan albashi, Koha zan ce ba tare da na yi dogon tunani ba.

Sun fara da littattafan azuzuwan jarrabawa, na BEPC da na Bakaloriya, tunda su aka fi ara. Ranar Juma'ar da ta wuce na leƙa bayan an sauko daga masallaci, na tarar littafi 640 sun shiga. Wata 'yar aji uku tana tsaye ana karanta bakod ɗin littafinta, na'urar ta yi ƙit, sunanta ya fito a allo da ranar da za ta mayar. Rajistar nan mai robar taya tana gefe, an bar ta saboda ranar da batir zai gaza. Da za mu fita, Hajiya ta zare filas ɗin ajiyar kwafi daga laftof ɗin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.